Fuska Kafin Shadda

 Na duba hotunan bikin da kika turo mini ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Kina da ido, wannan kam babu shakka. Kin san inda ake tsayawa, hannunki kuma ba ya rawa. Sai dai akwai abin da ya bi kusan dukkan hotunan, shi nake so mu zauna a kansa: kaya sun fito, mutane ba su fito ba. Farar shaddar ango ta fito har ana iya ƙirga zaren aikin wuyanta, leshin amarya sai ƙyalli yake, amma fuskoki sun dushe, idanu sun faɗa rami. Wanda ya biya ki kuɗin aiki yau zai yaba kayan. Ranar da 'ya'yansa suka girma suka buɗe kundin, fuskar uwarsu za su nema.

Rabin laifin na kyamara ne, ya kamata ki san halinta. Ma'aunin hasken da ke cikinta, ta hannu ce ko ta waya, an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya farinsa da baƙinsa, ruwan toka zai tashi. To ke kuma sai ki nuna mata mutum cikin farar babbar riga da farin rawani, a jikin farin bango. Sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta mayar da shi toka-toka, fuskar da dama baƙa ce ko wankan tarwaɗa sai ta nutse gaba ɗaya. Abin ya daɗe. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launin injin wanki. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa da baƙar mace. Kayan yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har gobe mai ɗaukar fatarmu sai ya sa hankalinsa, bai bar wa na'ura hukunci ba.

Maganin kusa mai sauƙi ne. In waya ce, ki taɓa fuskar mutumin a kan gilashi, alamar rana za ta fito, ki ja ta sama kaɗan har fuskar ta buɗe. In kyamara ce, akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi, ki ƙara ɗaya ki duba, in bai isa ba ki ɗan ƙara. Amma ki kula, in kika zarce shaddar za ta ƙone, ta koma fari fat babu zare babu aiki, kuma abin da ya ƙone a hoto babu manhajar da ke dawo da shi. Shi ya sa na fi son ki saba da ɗaga mutum daga inda yake, ki kai shi inda haske zai yi masa adalci. Wannan ne asalin sana'ar, sauran duk cikon aiki ne.

Ki fara da sanin ranarmu. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Yamai ta ɗara 13 kaɗan. Saboda haka ranarmu ba ta jan ƙafa, tana fitowa take miƙewa sama, tana faɗuwa kuma duhu ke rufawa. Masu koyarwa a intanet da yawansu a Turai da Amurka suke, inda yammaci ke daɗewa lokacin zafi, kada ki ɗauki lissafinsu. Daga fitowar rana zuwa hantsi kina da haske mai taushi da ke zuwa ta gefe. Da walaha ta yi ya fara kaifi. Daga nan har bayan azahar rana tana bisa kai, ita ce ke haƙa ramin ido, ta sauko da inuwar hanci kan leɓe, ta sa hula ko gwaggwaro ya cinye rabin fuska. La'asar sakaliya zuwa gab da magariba, nan kasuwarki take, kuma ba ta da tsawo, don haka ki shirya mutanenki tun kafin ta zo. Lokacin hunturu hazo yakan tace rana, fuska ta yi kyau ko da tsakar rana, sai dai sama ta yi fari babu armashi, ki rage ta a cikin hoton. Da damina kuwa, in ruwa ya ɗauke iska ta wanke, launi yakan fito tas, ranar ce ta ɗaukar gari da gona da hadari.

Sai dai biki ba ya jiran la'asar. Ɗaurin aure sau da yawa da walaha ake yi ko bayan saukowa daga Juma'a, rana na ganiyarta. A nan ki nemi ƙofar zaure. Ki tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu daga ciki yana fuskantar waje, ke kina daga waje, ɗan gefe kaɗan. Haske zai shigo masa a baje, bayansa kuma duhu, sai fuskar ta taso ita kaɗai. Na yi aiki da fitilun situdiyo masu tsada, ban ga wanda ya fi ƙofar zaure iya fito da baƙar fata ba. Taga ma haka, barandar da ke kallon tsakar gida ma haka. Baƙar fata da sheƙinta take nuna siffarta, wannan ɗan ƙyallin da ke kan kunci da goshi da karan hanci, kuma haske mai faɗi da ke zuwa ta gefe shi ke fito da shi. In ɓangare ɗaya na fuskar ya yi duhu da yawa, ki sa yarinya ta riƙe farin kwali ko farin mayafi ta wancan gefen, ya mayar da haske. Kafin ki danna, ki dubi ƙwayar idon. In kin ga ɗigon haske a ciki, hoton zai rayu. In babu, ki ɗan juya mutumin har ya bayyana.

Inuwa biyu ce nake gargaɗinki da su. Ta farko inuwar darbejiya, tana da daɗin zama amma rana na ratsa ganyenta, ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Ta biyu rumfar biki mai launi. Ja ko shuɗin kanofi yakan zuba launinsa a fatar duk wanda ke ƙarƙashinsa, idonki ba zai gani ba a wurin, kyamara kuwa za ta gani. Ki fito da mutum bakin rumfar, inda hasken waje ke samun fuskarsa.

Kada ki raina tsakar gida. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye yau a manyan gidajen tarihi na duniya, ya buɗe wurin aikinsa a 1948, kuma mafi yawan aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana. Zanen gadonsa ne ya fara ratayawa a bayan mutane. Fim na da tsada, don haka sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum, amma kafin ɗaukar zai gyara masa zama, ya karkata masa kafaɗa, ya shimfiɗa masa hannu, ya baza rigar. Ki nemi hotunansa ki ƙura musu ido. Matan nan suna sanye da atamfa mai zane, a bayansu wani zanen, ga awarwaro ga 'yan kunne, amma idonki fuska yake fara zuwa. Ki tambayi kanki ta ina hasken ya shigo. In kin gama da shi ki dubi Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da dare, har aka ba shi babbar lambar bikin fasaha na Benis a 2007. Sannan namu na Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya duƙufa ɗaukar kitso da ɗaurin kai har ya tara hotuna wajen dubu, yawanci a jikin bango wanda babu komai. Shi zai koya miki cewa abu ɗaya, in an dube shi da kyau, ya ishi hoto.

Yanzu lambobin nan da ke ba ki tsoro. Uku ne kawai, kamar duwatsun murhu, in kin taɓa ɗaya sai kin gyara sauran ko tukunya ta karkace. Na farko saurin ƙiftawar kyamara. Mutum a tsaye ko a zaune, 1/125 ya isa. Masu rawa da yara masu guje-guje, 1/500. In kin sauka ƙasa da 1/60 kina riƙe da hannu, rawar hannunki za ta shiga hoton. Na biyu faɗin ƙofar da haske ke shiga, wanda ake rubutawa da harafin f, kuma a juye yake: ƙaramar lamba babbar ƙofa. A f/2 ko f/2.8 amarya za ta fito ras, bayanta ya narke. Amma in dangi ne sahu uku, ki koma f/8, in ba haka ba na gaba su fito na baya su dushe, kuma galibi iyaye maza ne a baya. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke jin haske. Da rana 100 ko 200, a cikin ɗakin taro da dare kada ki ji tsoron 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da fuska a fili ya fi sumul wanda ya girgiza. Duk inda za ki saita, a ido za ki saita, idon da ya fi kusa da ke.

Da dare in dole sai da filasha, kada ki harba ta kai tsaye a fuskar da ta sha hoda, za ta fito fari kamar ba ita ba, bayanta kuma baƙi ƙirin. Ki ɗaga kan filashar ya dubi silin in fari ne, haske ya bugi sama ya sauko a hankali. Ɗakunan taron yanzu kuma sun cika fitilu masu juya launi. Ki je wurin mai kula da su cikin ladabi ki roƙi farin haske lokacin shigowar amarya, yawanci ba sa ƙi.

Batun nisa kuma. Idon waya mai faɗin gani ne, in kin matso da shi dab da fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Ki ja da baya taku biyu ki danna 2x in wayar na da shi. Jawo hoto da yatsu fiye da haka yanka ne kawai, yana cin kyan hoton, gara ki taka da ƙafarki. In kuɗi ya samu za ki ƙara wa kyamara ido, ki fara da mai lamba 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8. Yana cikin masu araha, yana gani a duhu, ba ya kuma murɗa fuska. Yaro ki durƙusa ki ɗauke shi daidai idonsa. Tsohuwa a kan tabarma, ki zauna ke ma, ladabi ne kuma hoton ya fi.

Kafin ki danna, ki zagaya da idonki kusurwa huɗu. Buta, bokiti, baƙar leda, igiyar shanya, turken wuta da ya tsiro daga kan liman, duk a nan suke ɓuya. Taku ɗaya hagu ko dama yakan kawar da su. Kada ki yanke mutum a gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu. Layukan nan da ke raba gilashi gida tara, ki kunna su, suna taimaka wa mai koyo ya daina dasa kowa a tsakiya, ya kuma miƙe bango da ya karkace. In kin saba za ki daina ganinsu.

Akwai abin da kike da shi wanda ni ban taɓa samu ba duk daɗewata a sana'ar nan. Ke mace ce, za ki shiga inda namiji ba ya shiga, shi iyakarsa zaure: wurin sa lalle, ɗakin da ake shirya amarya, lokacin da gwaggo ke yi mata faɗa, lokacin da za a fita da ita. Hotunan da iyali ke riƙewa har tsufa a nan suke, kuma ba a ce musu "ku dubo nan". Ki samu lungu mai haske ki tsaya, ki yi shiru har a manta da ke. Ki saita komai tun kafin abin ya faru, don in uwa ta kai gefen mayafi ido ba za ta maimaita miki ba. Ko a hoton da aka jera, kada ki sauke kyamara da zarar kin ɗauka. Mutane sukan sandare lokacin ƙirge, da sun ji an gama sai su saki jiki su yi dariyar gaske, wannan ta biyun ita ce taki. Ki ɗauki hannuwa ma, lalle a kusa da taga, hannun kaka a kan na jika. Kuma duk bikin da kika je, ki nemi mafi tsufa a gidan ki yi masa hoto shi kaɗai, mai kyau, ko ba a sa ki ba. Sau da yawa shi ake dawowa nema.

Wannan shigar da ake ba ki amana ce, ita ce ma jarinki. Matar da ta cire mayafi a gabanki ta yi ne don ta ga 'yar'uwarta mace ce. Hotonta ba na tallan aikinki ba ne a Instagram, sai ta ce ki sa, ita da bakinta. Wayar da ke ɗauke da hotunan mutane ba a miƙa ta ga mai gyara sai an kwashe su. A titi ma ki yi sallama ki nemi izini, wanda ya ce a'a ki yi masa godiya ki wuce. Almajiri da mabaraci da mara lafiya mutane ne masu iyaye, ki ɗauke su yadda za su so a gan su ko ki bar su. Ki dubi aikin Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta fara Bits of Borno a 2015 lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da kango. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, mutane cikin mutuncinsu. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da filin jirgi kuwa, ki sa kyamara a jaka ki wuce.

In Allah ya kai mu Sallah, ki je Hawan Daushe a Kano. Ki isa Ƙofar Kudu da wuri ki zaɓi wurin da rana za ta kasance a bayanki ko gefenki. Lokacin jahi dawakai na zuwa a guje, 1/1000 za ki sa in kina son ƙura da kofato su tsaya cak. In kuma gudun kike so a ji, ki sauka 1/60 ki bi dokin da kyamara kina juya ƙugu, doki ya fito bayansa ya zama zane-zane. Za ki zubar da da yawa kafin ɗaya ya yi, haka abin yake ga kowa. Amma kada kwalliyar doki ta ɗauke miki hankali duka. Akwai dogari da jar rigarsa da kore, akwai mai algaita da kumatunsa, akwai yaron da aka ɗora a wuya ya buɗe baki. Amawali yakan rufe rabin fuskar mahayi, ido kaɗai ya rage, to a idon za ki saita.

Sai gyaran hoto, kuma a nan zan yi miki magana da nauyi. Ki gyara haske, ki miƙe abin da ya karkace, ki cire ƙurjin da ya fito ranar biki. Amma kada ki canza wa mutum launin da Allah ya ba shi. Na san za a roƙe ki, wata za ta ce ki ɗan haska ta. Ki nuna mata hoton da kika ɗauka a bakin taga, fatarta na sheƙi, yawancin masu neman a haska su ba su taɓa ganin an ɗauke su da kyau ba ne. Yana ƙona mini rai in ga amarya an goge ta sumul, babu ramin gashi babu tsagar gado, har kakarta ta riƙe hoton tana tambaya wace ce. In kyamararki na ɗauka a tsarin RAW, ki yi amfani da shi a manyan ayyuka, yana ba ki damar buɗe fuska ba tare da ƙona shadda ba.

Horon da zan ba ki ba ya cin kuɗi. Ki samu wata mai haƙuri, ki tsayar da ita wuri ɗaya a tsakar gida, ki ɗauke ta da sassafe, da hantsi, da azahar, da la'asar, da gab da magariba, sannan ki jera hotunan ki kwatanta. Wata rana ki zaunar da ita a bakin taga ki riƙa juya ta kaɗan-kaɗan kina kallon yadda inuwa ke tafiya a fuskar. Ki sa mata farin mayafi ki ɗauka, ki sa baƙi ki ɗauka, ki ga yadda kyamara ke ruɗewa, ki gyara da hannunki. Bayan haka ki ɗaure kanki da lissafin fim: nadi ɗaya hoto 36 ne a zamaninmu. Ki fita marinar Ƙofar Mata ko Kasuwar Kurmi da niyyar ba za ki wuce 36 ba, babu gogewa. Za ki ga kina tsayawa kina tunani kafin yatsa ya motsa. In kin dawo ki zaɓi uku kacal, ki faɗa wa kanki dalilin kowanne. Zaɓen ya fi ɗaukar wuya, kuma mai ba abokin ciniki hoto ɗari biyar don ya kasa zaɓe bai gama aikinsa ba.

Kayan aiki kuma ki tausaya musu. Ƙurar hunturu yashi ce, in kin goge gilashi da gefen mayafi kin karce shi. Ki fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ki shafa da ƙyalle mai laushi. Kada ki sauya idon kyamara a fili iska na kaɗawa, ki shiga ɗaki ko mota, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Kada ki bar ta a mota a rufe da bazara. Batir biyu, katin ajiya biyu, duka a cike da caji da fili tun daren jajibiri, don ba ki san lokacin da za a ɗauke wuta ba. In kin dawo daga aiki, kafin ki kwanta ki kwafe hotunan wuri biyu daban, kada ki goge katin sai kin buɗe kwafin kin gani da idonki.

Waɗanda suka fi kyau kuma ki kai a wanke su a takarda, ko goma ne daga kowane biki, don waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana manta lambar sirri. A bayan kowane hoto ki rubuta sunayen mutanen da garin da shekarar. Da fensir mai laushi za ki rubuta, a gefe, ba tare da dannawa ba, don tawadar biro takan ratsa takarda ta ɓata fuskar da ke ɗaya gefen.